Na'urar karanta kati: mu haɗa tamu

Yara, ku duba cikin salular babanku ko ta yayarku. Akwai wani ɗan kati a ciki, wanda a ke kira sim. In aka cire shi, ba a iya kiran ƴan uwa da salular. Haka kuma ma'aikacin da ke ɗaukar albashinsa a banki yana da kati. Yana tura shi cikin na'ura, na'ura ta gane shi, ta ba shi kuɗi. To, na'ura ba ta da ido, ba ta kuma shiga makaranta ba. Ta yaya ta ke karanta kati?

A cikin wannan darasi za mu ga asalin abin. Sa'an nan mu haɗa tamu na'urar da gwangwani, da pil biyu, da ƙwayayen tsohuwar tocila.

Daga saƙa aka fara

Kun san yadda masaƙi ke aiki. Yana takawa da ƙafa, zare ya rabu biyu, wani ya yi sama, wani ya yi ƙasa, ya jefa ƙoshiya a tsakani. In yana son ado a jikin zane, sai ya ƙirga zaren da zai ɗaga. Aikin yana cin lokaci, kuma in ƙirga ta ɓace, ado ya lalace.

A shekara ta 1804, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, wani mutum mai suna Joseph Marie Jacquard ya gyara injin saƙa, ya sa masa katunan kwali masu huji. An ɗinke katunan a jere kamar sarƙa. Kowane kati yana zuwa gaban wasu allurai. Inda akwai huji, allura ta wuce, zarenta ya ɗagu. Inda babu huji, kati ya tare allura, zarenta ya tsaya ƙasa. Ke nan adon zane yana rubuce a jikin kati, inji kuwa yana karanta shi.

Katin ƙidayar jama'a

A shekara ta 1880 aka ƙidaya mutanen ƙasar Amurka. Sun kai miliyan 50. Da hannu aka yi lissafi, sai da aka yi wajen shekara 8 kafin a gama. Hukuma ta damu, don kowace shekara 10 a ke yin sabuwar ƙidaya, ga shi kuma mutane suna ta ƙaruwa.

Wani injiniya mai suna Herman Hollerith ya kawo dabara. Aka yi ma kowane mutum kati guda. Huji a wuri kaza yana nufin namiji ne, huji a wani wuri yana nufin mace ce, wani kuma yana nuna shekaru. A cikin na'urarsa akwai allurai a sama, da ƙananan kofuna masu zaiba a ƙasa. Ana sa kati a tsakani, a danna. Allurar da ta sami huji ta wuce, ta taɓa zaiba, wutar lantarki ta bi, hannun wani abu mai kama da agogo ya matsa gaba da ɗaya.

Da wannan na'ura aka yi aikin ƙidayar 1890. Kafin shekarar ta ƙare, an san jimillar mutanen ƙasar: kusan miliyan 63. Daga baya kamfanin Hollerith ya haɗu da waɗansu, a 1924 aka sa musu suna IBM. A 1928 IBM ya fito da kati mai layi 80, wanda kwamfutoci suka daɗe suna karantawa.

Tamu na'urar ƙanwar ta Hollerith ce. Amma mu ba za mu taɓa zaiba ba, don guba ce.

Abin da ya kamata mu sani tukuna

Wutar pil ba ta tafiya sai ta sami hanya cikakkiya. Tana fita ta kan pil, inda aka sa alamar (+), ta bi waya, ta ratsa ƙwai, ta komo ta gindin pil, inda aka sa alamar (–). In hanya ta yanke ko da a wuri guda ne, ƙwai ba ya kamawa. Ƙarfe yana barin wuta ta wuce. Busasshen kwali ba ya bari. Kati kamar ƙofa ya ke: huji ƙofa ce a buɗe, inda babu huji ƙofa ce a rufe.

Kayan aiki

1. Katako mai tsawon santimeta 20, faɗi 15.
2. Ƙananan katakai 3, kaurin kowane santimeta 1.
3. Babban gwangwani guda.
4. Pil 2, kowane mai ƙarfin volt 1,5.
5. Fararen ƙwayaye 4 irin na LED, daga tocilar da ta mutu.
6. Siririyar waya, wajen mita 1.
7. Ƙananan ƙusoshi, da guduma, da almakashi, da robar tayar keke.
8. Kwali marar kauri, irin na sukari ko na shayi.

Yawancin waɗannan kaya a gida su ke, ko wurin mai gyaran rediyo. Pil da waya kaɗai za a saya.

Yadda a ke haɗawa

1. Malam zai yanko ƙarfe daga gwangwani, tsawon santimeta 14, faɗi 3. Shi za mu kira faranti. Zai kuma yanko sirara 4, tsawon santimeta 6, faɗi rabin santimeta. Su za mu kira harsuna.

2. Ku kankare faranti da harsuna da yashi har su yi ƙyalli. Jikin gwangwani yana da fenti, fenti kuwa yana hana wuta wucewa.

3. Ku kwantar da faranti a tsakiyar katako, ku kafa shi da ƙusa a ƙarshensa biyu.

4. Ku kafa ƙaramin katako guda a bayan faranti, ya bi tsawonsa. Nan kati zai riƙa tsayawa. Sauran biyun ku kafa su dama da hagu, da tazarar santimeta 10 a tsakaninsu. Su ne hanyar kati.

5. Ku lanƙwasa bakin kowane harshe kamar harafin V. Ku kafa ɗaya ƙarshen a bisa katakon baya. Gindin V ya danne faranti, santimeta 2 daga katakon. Daga hagu, harshe na farko yana santimeta 2, na biyu 4, na ukku 6, na huɗu 8. Kada wani harshe ya taɓa ɗan'uwansa.

6. Ku jera pil biyu, kan ɗaya ya taɓa gindin ɗayan. Ku naɗe su da takarda, ku ɗaure da roba. Ƙarfinsu ya zama volt 3.

7. Ku ja waya daga gindin pil (–) zuwa ƙusar faranti.

8. Ƙwan LED yana da ƙafa biyu. A sabon ƙwai, doguwa ita ce ta (+), gajera ta (–). Ku haɗa gajerar ƙafar kowane ƙwai da ƙusar harshensa. Ku haɗa dogayen ƙafafu duka huɗu da waya guda, ku kai ta kan pil (+).

In kun gama daidai, ƙwayaye huɗu za su kama gaba ɗaya, don babu abin da ya raba harsuna da faranti. Yanzu ku tura kwali marar huji. Duka za su mutu.

Yadda a ke rubuta kati

Ku yanka kwali, tsawon santimeta 10, faɗi 6. Ku ja layi santimeta 2 daga bakinsa na sama. A kan layin ku sa ɗigo huɗu, a santimeta 2, da 4, da 6, da 8. Nan ne wuraren huji. Faɗin huji santimeta 1 ne.

Sai mu ba kowane ƙwai daraja. Daga hagu zuwa dama ku rubuta a ƙarƙashinsu: 8, 4, 2, 1. Don karanta kati, sai a tara darajar ƙwayayen da suka kama.

Misali, kati mai huji a wuri na biyu da na huɗu zai kunna 4 da 1. Lambarsa 5 ke nan. Kati mai huji a wuri na farko, da na ukku, da na huɗu zai kunna 8 da 2 da 1. Lambarsa 11. Kati marar huji sifiri ne. Mai huji huɗu 15 ne. Da ƙwai huɗu kaɗai muna iya rubuta lambobi 16, daga 0 zuwa 15.

In muka ƙara ƙwai na biyar, darajarsa 16, mu kai 31. Na shidda darajarsa 32, mu kai 63. Da ƙwai shidda, aji mai ɗalibai 60 kowa zai sami katinsa da lambarsa. Da irin wannan lissafi na "akwai" da "babu" kwamfuta ke aiki har yau.

Ku yanke kusurwar hagu ta saman kowane kati. Ga dalili: in aka juya katin 3, hujinsa ya koma hagu, na'ura ta nuna 12. In aka juya katin 1, ta nuna 8. Na'ura ba ta san mai kati ba, abin da aka ba ta shi ta ke faɗi. Huji guda da aka yi bisa kuskure yana maida 5 ta zama 13, a rubuta wanda ya zo a cikin waɗanda ba su zo ba. Saboda haka a auna da kyau kafin a huda.

In ta ƙi aiki

In babu ƙwan da ya kama, ku duba pil da wayoyinsa biyu. In ƙwai guda ne ya ƙi, ku juya ƙafafunsa, don LED ba ya karɓar wuta sai ta gefe guda. In har yanzu ya ƙi, ku sake kankare harshensa, ku ƙara lanƙwasa shi. In ƙwai biyu suna kamawa da huji guda, harsunansu sun taɓa juna. In jan ƙwai kuka samu, volt 3 ya yi masa yawa. Ku roƙi mai gyaran rediyo ya sa ma kowane rezistans mai ohm 100.

Hattara

Da pil kaɗai a ke wannan aiki. Kada ku kusanci wutar gida, ƙarfinta volt 220 ne, tana kisa. Kada ku haɗa kan pil da gindinsa da waya kai tsaye, zai yi zafi ya lalace. Bakin gwangwani yana da kaifi. Tsohon pil ba ya shiga baki, ba a jefa shi wuta, ba a yar da shi kusa da rijiya. In an gama aiki, ku bar kwali marar huji a cikin na'ura, don kada pil ya ƙare a banza.

Katunan yanzu

Yanzu an bar yin huji a kati. A 1974 wani Bafaranshe, Roland Moreno, ya yi rajistar dabarar sa ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki a cikin kati. Ku dubi sim: akwai ƙananan faranti masu ruwan zinariya a jikinsa. A cikin salula kuma akwai ƙananan harsuna da ke danne su, kamar namu. Ta nan wuta ke shiga, ta nan lambobi ke fita.

Akwai kuma katin da ba sai an tura shi ba. A cikinsa an naɗe siririyar waya. In aka kusanto da shi santimeta kaɗan, na'ura ta ba shi wuta ba tare da sun taɓa juna ba, shi kuma ya faɗi lambarsa. Masu koyon lantarki suna haɗa irinta da ƙananan alluna biyu masu araha, Arduino da RC522. Wanda ya gane tamu ta gwangwani, gobe ba za ta ba shi wuya ba.

Ma'anar kalmomi

Zaiba: ƙarfe ne mai gudu kamar ruwa.
Volt: ma'aunin ƙarfin wutar lantarki.
Rezistans: ɗan abin da ke rage wutar da ke ratsa ƙwai.

Tambayoyi

1. Mine ne aikin huji a injin Jacquard?
2. Don mi hukumar Amurka ta damu bayan ƙidayar 1880?
3. Don mi a ke kankare gwangwani?
4. Ƙwayayen 8 da 4 da 2 sun kama. Wace lamba ce?
5. Waɗanne katuna ne lambarsu ba ta sakewa ko an juya su?

Aiki

Ku kasu ƙungiya-ƙungiya. Kowace ƙungiya ta huda katunan 6, da 9, da 14. Kada ku rubuta lamba a jikinsu. Ku miƙa ma ƙungiyar da ke kusa da ku, ta karanta su da na'urarta.