Siffanta Baƙo a Fasahar Al'umma: Yokohama da Haɗeja

Al'ummar da baƙo ya faɗo wa takan siffanta shi da irin fasahar da ta fi ƙwarewa a kai. Ƙasar Japan ta shafe fiye da shekara 200 ƙofarta a rufe ga yawancin Turawa. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama a 1859, sai fatake daga Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Holan suka sauka, masu zane irin su Utagawa Sadahide kuma suka shiga fitar da hotunansu. Mai zane kan zana surar a takarda, masassaƙi ya manna ta a allon katako ya sassaƙe gefen layukan, sannan mai bugu ya shafa tawada ya danna farar takarda a kai. Kowane launi da allonsa, don haka ana iya buga ɗaruruwa a sayar da araha.

Abin lura shi ne, da yawa daga masu zanen a birnin Edo (Tokyo ta yau) suke zaune, wasu hotunan ma daga jaridun Turai suka kwaikwayo su. Ke nan hoton ya fi bayyana tunanin mai zanen fiye da kamannin baƙon.

Bahaushe kuwa bai saba da zana surar mutum ba, musamman da yake malamai suna ƙyamar hakan, sai ya yi nasa zanen da harshe, wato laƙabi. A masarautar Haɗeja, wadda Auyo ke cikinta, Turawan Ingila sun ci birnin da yaƙi a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa, ake ce masa Mai Shahada. Jami'insu, Kyaftin Phillips, shi kuma aka laƙaba masa Mai Tumbi. Kalma biyu kacal, amma sun rage wa mai bindiga kwarjini, sun mayar da shi mutum mai ƙaton ciki. Malamin da ke koyar da laƙabi a aji zai iya jera sunayen nan biyu, ɗalibai su gano wanda aka girmama da wanda aka zolaya. Ba kowane laƙabi ne na zolaya ba: Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, Ɗan Hausa aka kira shi.

Da magina a Zariya da Kano suka shigar da zamanin Bature cikin adon bango, kayansa suka ɗauka, wato keke da mota da jirgin sama, suka jera su kusa da dagi a fuskar zaure.