Komawa Bakin Aiki Bayan Doguwar Jinya

Tun shekarun 1920, lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa Kafanchan, garin ya zama matattarar ma'aikata: 'yan reluwe, malaman makaranta da na asibiti. A cikinsu akwai waɗanda ciwo kan kwantar wata da watanni, kuma sau da yawa ranar komawa aiki ita ce mai wuya.

Dalilin a fili yake. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta biyan albashin kwana 12 ne kawai a shekara ga ma'aikacin da likita ya tabbatar ba shi da lafiya. Mai tarin fuka kuwa wata 6 yake shan magani. Kafin ya miƙe, bashi ya taru, wani ya gaje kujerarsa, abokan aiki suna gudun haɗa kwano da shi, alhali wanda ya riƙe magani sosai yakan daina yaɗa cutar cikin 'yan makonni. Wannan ƙyama ita ke karya zuciya.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi magani da gyaran jiki, amma fa ga wanda aikin ne ya jawo masa ciwon. Manomin citta na Kachia ko Jaba ba shi da wannan gata, sai gayyar dangi.

Saboda haka nauyin yana kan shugabannin ma'aikatu. Su fara ba mutum aiki mai sauƙi, su bar shi ya riƙa zuwa ganin likita, su tsare sirrin ciwonsa. Sannu ba ta hana zuwa.