Bawul ko Tiransista: Wace Amfilifaya ce ta Fi Daɗin Sauti?

Amfilifaya ita ce na'urar da ke karɓar sauti mai rauni a siffar lantarki, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa lasifika ko hedifon. Iri biyu ake jayayya a kansu: mai bawul, wato kwalbar gilashin nan da ke yin ja idan ta ɗauki zafi a cikin tsofaffin rediyoyi, da mai tiransista, irin wadda ke cikin wayar hannu da rediyon mota. Jayayyar ta farfaɗo tun da masu talla a intanet suka fara yayata ƙananan amfilifayoyin hedifon masu bawul, suna cewa su ne ke fitar da sauti na asali. Maganar ba ta sha wahalar samun gindin zama a Kano ba, domin dattawan cikin birni sun daɗe suna cewa muryar rediyon da ta fi ta yanzu zaƙi.

Asalin na'urorin biyu

Bawul ne babba. John Ambrose Fleming na Ingila ya ƙirƙiro shi a 1904, sannan a 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata 'yar waya a tsakiya wadda ta ba shi ikon ƙara ƙarfin sauti. A cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, ana ɗumama wani siririn ƙarfe har lantarki ya riƙa tsallakawa zuwa wani faranti, wayar tsakiya kuma tana rage shi ko ƙara shi daidai da sautin da ya shigo. Da irin wannan na'ura aka buɗe tashar rediyon waya a Kano a 1944, wadda ke tura shirye-shirye ta igiya zuwa akwatunan sauraro. Ko a 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki, yawancin rediyoyin gida masu bawul ne.

Tiransista kuwa an samar da ita ne a ɗakin bincike na Bell a Amurka a watan Disamba na 1947, ta hannun John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley. Ba ta buƙatar ɗumamawa, ba ta da gilashin da zai fashe, kuma batir biyu ko huɗu sun ishe ta. Rediyon aljihu mai tiransista ya shiga kasuwa a 1954, daga nan kamfanonin Japan irin su Sony suka cika duniya da shi. Shi ne ya kai rediyo gona da ruga da rumfunan Kasuwar Kurmi. A yau amfilifayar da ke ɗaga kiran salla a masallatan cikin birni, daga Babban Masallaci na kusa da Gidan Rumfa har zuwa na lungu, tiransista ce ke cikinta.

Inda bambancin sauti yake fitowa

Masu cewa bawul na da wani sauti nasa ba su yi ƙarya ba. Kuskuren yana wajen fassara dalilin. Kowace amfilifaya tana ƙara wa sauti wani amo da babu shi a asali. Idan tsirkiyar gurmi ta girgiza sau 440 a sakan, amfilifaya na iya haifar da ƙaramin amo a 880, da wani a 1,320, da sauransu zuwa sama. Amfilifayar hedifon mai bawul ɗaya a kowane ɓangare ta fi yawan fitar da na 880, wato ninki biyu, wanda yake tazarar da ke tsakanin muryar babba da ta yaro idan suna rera waƙa ɗaya. Kunne ba ya ƙin wannan, yana jin sa a matsayin kauri da taushi. A kyakkyawar amfilifayar tiransista ta zamani, jimillar wannan ƙari ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma ba, abin da kunne ba ya kamawa. A mai bawul yakan kai kashi ɗaya cikin ɗari, wani lokaci ya wuce.

Ke nan abin da ake kira sautin asali shi ne ya fi nisa da asalin. Lamarin kamar man shanu ne a miyar kuka. Yana ƙara ƙamshi da santsi, kuma mutane da yawa ba sa jin daɗin tuwo sai da shi, amma ba wanda zai ce man shanun ne ainihin ɗanɗanon kuka. Wanda ke son sanin ko miyar ta ji daddawa da gishiri daidai, sai ya ɗanɗana kafin a zuba man. Haka mai haɗa sauti a situdiyon Kannywood yake buƙatar amfilifayar da ba ta ƙara komai, yayin da mai saurare don nishaɗi yana da 'yancin son ƙarin.

Bambanci na biyu yana bayyana idan an ƙure murya. Bawul yana gajiya a hankali, yana lanƙwasa kan sautin. Tiransista kuwa tana riƙewa lafiya har iyakar ƙarfinta, daga nan ta datse sautin gaba ɗaya, sai a ji tsatsa da ƙarar da ke soka kunne. Wannan ita ce ƙarar da ake ji a wuraren biki da wasu tarurrukan wa'azi, inda ake murɗa na'ura har ƙarshe a ɗora mata lasifikan da suka fi ƙarfinta. Laifin na mai murɗawa ne. A hedifon, wanda ɗan ƙarfi kaɗan ke isarsa, da wuya a kai wannan iyaka.

Na uku shi ne wanda masu talla ba su cika ambata ba: turjiyar lantarki, wadda ake aunawa da om. Iyafis na waya yawanci yana da om 16 zuwa 32, manyan hedifon irin Sennheiser HD 600 kuma om 300. Ita ma amfilifaya tana da tata turjiyar a mafita. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Mai tiransista takan tsaya ƙasa da om ɗaya, don haka tana tafiya da kowane iri. Mai bawul da ba ta da taransifoma a mafita tana iya kai om 50 ko 100. Idan aka haɗa ta da hedifon mai om 300, sai amon ganga ya ɗan kumbura, sauti ya yi daɗi. Idan aka haɗa ta da iyafis mai om 32, sai ƙasan sautin ya saki, ya zama dumu-dumu.

Zaƙin rediyon da

Taushin da dattawa ke tunawa gaskiya ne, amma rabon bawul a cikinsa kaɗan ne. Tsohon rediyo yana da babban lasifika a cikin akwatin katako, wanda ke cika murya. Tashoshin matsakaici da gajeren zango kuma ba sa ɗauko sautin da ya wuce girgiza 5,000 a sakan, alhali kunnen matashi yana ji har kusan 20,000. Duk kaifin sama an yanke shi tun daga tasha. Kwatanta wannan da lasifikar wayar hannu ba gwajin bawul da tiransista ba ne.

Gwaji na gaskiya yana da sharuɗɗa biyu: a daidaita ƙarfin murya da ma'auni, kuma mai saurare kada ya san wace na'ura ke aiki, domin kunne yana ɗaukar wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau. A 1985 wani injiniya mai suna Bob Carver ya gyara amfilifayarsa ta tiransista har ta kwaikwayi wata mai bawul mai tsadar gaske, kuma editocin mujallar Stereophile ta Amurka suka kasa bambance su. Akwai kuma ƙananan na'urori masu araha da tiransista ke yin kusan dukkan aikin a cikinsu, an dasa bawul a sama, an sa masa ƙaramar fitila a ƙasa don ya yi haske. Mai saye yana biyan kuɗin ado ne.

Yanayin Kano

Bawul yana aiki da bolt 100 zuwa 300 ko fiye, kuma kwandensa na riƙe wannan wuta ko bayan an cire soket, don haka buɗe na'urar haɗari ne ga wanda bai ƙware ba. Yana fitar da zafi a garin da bazara ke kai maki 40, yana shan wutar da batirin sola zai ji a jikinsa, kuma ɗaukewa da dawowar wuta da hawa da saukar janareta suna rage masa kwana. Ko ba haka ba, yana tsufa bayan awoyi 'yan dubbai. Masana'antun da suka rage suna yin sa kaɗan ne, mafi yawa a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma a 2022 farashinsa ya yi tsalle bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. A kasuwannin waya irin Farm Centre da titin Beirut, kayan tiransista ne ke hannun masu gyara.

Abin da ya fi cancantar a damu da shi shi ne ƙarfin murya, wanda masu jayayya suke wucewa ta gefensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji. Ga mai neman sautin da bai sauya ba, da sauƙin kuɗi da juriya, tiransista ce zaɓi. Mai babban hedifon da tsayayyar wuta, wanda ke son taushin bawul, yana iya saya, muddin ya san ƙari yake saye. Sauya hedifon kansa ya fi sauya amfilifaya tasiri a kan abin da kunne zai ji.