Buhu mai riga uku: yadda malamai, ƴan kasuwa da hukuma suka haɗa hannu don ceton wakenmu

Ƴan uwa manoma, maza da mata, kowa ya san wannan labari. Da kaka wake yakan cika kasuwa, kuɗinsa ya faɗi. Manomi ya san in ya jira bazara zai samu riba, amma yana tsoron ƙwaro. Sai ya sayar da arha. Bayan wata biyar ko shida, shi ne zai koma kasuwa ya sayi waken nan da tsada, don ci ko don iri. Ƙasarmu Nijar tana cikin manyan ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, tana bin bayan Najeriya. Saboda haka asarar wake asara ce ta ƙasa baki ɗaya.

Yau za mu duba yadda aka samo maganin wannan matsala, da kuma waɗanda suka kawo shi har ƙauye.

Yadda ƙwaro yake cin wake

Ƙwaron wake tun daga gona yake shiga. Macen tana saka ƙwai a jikin wake. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsa ta huda ƙwayar wake ta shiga ciki, tana ci tana girma. Cikin wata guda ta zama ƙwaro, ta fito ta bar rami, ita ma ta saka nata ƙwai. Haka suke ta ƙaruwa. In ba a yi dabara ba, bayan ƴan watanni buhu zai koma gari da ɓawo.

Da yawa daga cikinmu sun saba zuba maganin ƙwari cikin wake. Wannan hanya tana da haɗari. Maganin da ke kashe ƙwaro guba ne, yana iya cutar da mutum. In an zuba shi ya wuce kima, ko an dafa waken kafin ƙarfin maganin ya fita, yakan jawo amai, ciwon ciki da jiri, wani lokaci har da rasa rai. Yara ƙanana sun fi kowa shiga haɗari.

Aikin malamai masu bincike

A ƙarshen shekarun 1980, wani malami mai suna Larry Murdock, na jami'ar Purdue ta Amurka, ya yi aiki tare da masu binciken gona na Marwa, a arewacin Kamaru. Sun lura da abu guda: ƙwaro ma numfashi yake yi. In an rufe wake inda iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki za su shanye ɗan iskan da ya rage. Daga nan sai su daina ci, su daina haihuwa, jikinsu ya bushe, su mutu. Ba a bukatar magani ko kaɗan.

Dabarar tana da kyau, amma shekaru suka yi ta wucewa ba ta bazu sosai ba. Dalili biyu ne. Manoma da yawa ba su ji labarinta ba. Waɗanda suka ji kuwa, ba su samu leda mai kauri a kasuwarsu ba. Ilimin da ya tsaya cikin ɗakin bincike ba ya cika rumbu.

Aikin hukuma

A shekarar 2007 aka fara wani babban shiri mai suna PICS a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar. A nan gida, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, wato INRAN, ta ɗauki nauyin gwaji. Dakta Ibrahim Baoua, masanin ƙwari a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin. An gwada buhun da wakenmu, cikin zafinmu, aka tabbatar yana aiki.

Daga nan aka horar da malaman gona, suka shiga ƙauyuka. A gaban maigari da jama'a ake cika buhu a ɗaure. Bayan watanni sai a tara mutane a kwance shi, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba. Gani ya kori ji. Gidajen rediyo su ma sun yi ta bayani da Hausa da sauran harsunan ƙasa.

Aikin ƴan kasuwa

Malami ba ya ƙera buhu, hukuma kuma ba ta iya buɗe shago a kowane ƙauye. Nan ne ƴan kasuwa suka shigo. Masana'antun leda, kamar ta Lela Agro a Kano, suka riƙa yin buhun bisa awon da masu bincike suka ba su. Manyan ƴan kasuwa suka saro, ƙanana suka kai kasuwannin mako. Ɗan kasuwa ya ci ribarsa, manomi ya samu buhu kusa da gida. Daga baya bincike ya nuna buhun yana tsare masara da dawa su ma.

Kun ga abin kamar duwatsun murhu ne. In aka cire ɗaya, tukunya ba ta zama.

Yadda ake aiki da buhun

Buhun yana da riga uku: leda biyu masu kauri a ciki, da buhu saƙaƙƙe a waje. Akwai na kilo 50, akwai na kilo 100.

Na farko, a shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da itace don kada su huda leda.

Na biyu, a duba kowace leda. A cika ta da iska a matse baki. In iska tana fita, akwai huji, kada a yi aiki da ita.

Na uku, a saka leda cikin leda, a saka su cikin buhun waje, sannan a zuba wake. Kada a cika fal, a bar wurin ɗauri.

Na huɗu, a matse ledar ciki iska ta fita, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure tamau. A yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowace riga da nata ɗauri.

Na biyar, a ajiye buhu bisa katako a inuwa, nesa da bango, a tsare shi daga ɓera. Kada a riƙa buɗewa sai ranar bukata. In an kula da shi, buhu ɗaya yana yin kaka fiye da ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Buhu ba ya biyan bashi. Manomi da yawa bukatar kuɗi ce take sa shi sayarwa da kaka. Don haka ne tun ƙarshen shekarun 1990 aka kawo tsarin warantaj a Nijar. Ƙungiyar manoma tana tara amfanin gona cikin magaza, a sa kwaɗo biyu: mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Da kuɗin bashin sai a yi kiwo ko noman rani. In kuɗin kaya ya tashi, a sayar, a biya, sauran ya zama riba. Amma a sani, akwai shekarar da kuɗin kaya ba ya tashi sosai. Sai a yi lissafi kafin a ci bashi.

A nan ne karatunmu yake da amfani. Wanda ya iya karatu zai duba sunan da ke jikin buhu, ba za a sayar masa da leda marar kauri ba. Wadda ta iya lissafi za ta riƙe littafin ƙungiya, ta rubuta tiya nawa kowa ya kawo.

Muna ba ku shawara: kafin kaka, ku zauna a ajin yaƙi da jahilci ko a ƙungiyarku, ku ƙidaya buhu nawa kuke so. Ku kai wa ɗan kasuwa adadin tun da wuri don ya saro. Ku roƙi malamin gona na kominku ya zo ya nuna ɗauri a gaban jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma tsare mana abin da muka noma.