Rediyon Tsohuwar Mota: Gyara Ya Fi Jefarwa

Wanda duk ya mallaki mota ta zamanin da, irin su Morris Minor ko Volkswagen, ya sani darajarta tana ga kayanta na asali, rediyonta kuwa yana cikinsu. Saboda haka in rediyon ya yi shiru, kada a yi gaggawar yanka allon gaban mota don a cusa sabo, gama abin da aka yanke ba ya komawa.

Kamfanin Galvin na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola a 1930, Blaupunkt na Jamus ya biyo a 1932. Rediyoyin farko da bawul suke aiki, watau 'yan kwalabe masu bukatar wuta fiye da bolt 200, alhali batirin mota bai wuce bolt 6 ko 12 ba. Don haka aka sa musu wata na'ura mai karkarwa wadda ke taimakon daga ƙarfin wutar. In an kunna ba a ji gurnaninta ba, to, a fara duba fis da wayoyi, sa'an nan ita kanta. Sau da yawa kwandensa ce ke lalacewa saboda tsufa, ta kashe na'urar. In ba a canja ta ba, sabuwar ma za ta mutu. A yi hattara, wutar da ke ciki tana iya yi wa mutum lahani ko bayan an kashe rediyon.

In murya ta raunana, a duba eriya ko tsatsa ta ci gindinta. In ƙara tana tashi tare da gudun inji, daga fulogi take ko janareta, kuma akwai 'yan na'urori masu danne ta.

Abu guda lalle a kiyaye shi. Motocin Ingila da yawa, har wajen tsakiyar shekarun 1960, kan batir mai alamar + suke haɗawa da jikin mota, saɓanin motocin yau. Wanda ya juya wayoyi ga rediyon taransista zai ƙone shi nan take.

Mai son tashoshin FM ko waƙa daga wayarsa kuwa, ana iya ɓoye ƙaramar na'urar Bluetooth ko ta FM a bayan allo, fuskar rediyon ta tsaya yadda maƙera suka yi ta. Duk abin da aka cire a adana shi, gama mai saye na gobe zai tambaya.