Idan za a sayar da gidan haya, wa ya kamata a fara yi wa tayi?

A Birnin Kudu, inda ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da malaman makarantu da dama ke zaman haya, mutum kan wayi gari ya ga dillali ya kawo baƙo suna duba bangon gidan da ya shekara goma a ciki. Haka ma a Gwaram da Unguwar Ya, musamman idan gidan gado ne kuma magada sun ƙosa a raba kuɗi. A nan ne ɗan haya kan ce ai yana da shuf'a.

Sai dai shuf'ar ba tasa ba ce. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Jigawa ke bi, haƙƙi ne na abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba. Idan ɗaya daga cikin magada ya sayar wa bare kasonsa, sauran na iya mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓe. Ko maƙwabcin da aka haɗa katanga da shi bai samu wannan haƙƙi ba (Hanafiyya ce ta ba shi), balle mai biyan haya.

A wasu wuraren an gwada akasin haka. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fara sayar da gidajenta na Abuja a 2005, Nasir El-Rufai na ministan birnin, ma'aikatan da ke ciki aka fara bai wa damar saye. Amma tsarin gwamnati ne a kan gidajenta, bai hau kan sauran masu gidaje ba. A Faransa kuwa doka ce tun 1989: mai son fitar da ɗan haya don ya sayar zai ba shi sanarwar wata shida, da farashi a rubuce, kuma ɗan hayan na da wata biyu ya amsa tayin.

Abin da ɗan haya ke da shi a nan shi ne wa'adi. Ciniki ba ya kashe hayar da aka riga aka biya, kuma a galibin jihohi mai biya shekara-shekara na da notis na wata shida, sai na kwana bakwai, sannan kotu.

Wanda ke son a fara yi masa tayi, sai ya nemi a rubuta sharaɗin a takardar haya tun ranar karɓar makulli, da adadin kwanakin da zai kawo kuɗi, gaban shaidu. Alkawarin baki yakan bi mai gida kabari, magada su ce ba su san zancen ba.