Mai Karanta Littafi a Naɗa: Daga Tarihin Sarakuna Zuwa Awon Taki

Duk wanda ya zaga ƙasar noma ta arewacin Jihar Kaduna, daga Ikara zuwa Makarfi, daga Hunkuyi zuwa Taban Sani a Ƙaramar Hukumar Kudan, zai tarar da mutane hannu na aiki, kunne na saurare. Mai ɓarar masara, mai ɗaurin rake, mai dafa mazarƙwaila, tela a kan kekensa, direban da ke jiran lodi a Tashar Yari, kusan kowa da muryar da ke taya shi zama. Wani wa'azi ya kunna, wani waƙa, wani kuwa littafi ake karanta masa. Wannan na ƙarshen shi ne abincin wata sana'a da har yanzu ba kowa ya yarda sana'a ba ce: mutum ya zauna ya karanta littafi daga bango zuwa bango, ya naɗi muryarsa, ta bi duniya ta waya da memori.

Mafi yawan masu yin ta littattafan soyayya da na jarumta suka riƙe, domin nan kasuwa take. Amma akwai reshen da ya fi wuya, ya kuma fi ƙarancin gwanaye, wato karanta littattafan da ba ƙagaggu ba, na tarihi da na koyar da aiki. Idan mai karanta labarin soyayya ya yi tuntuɓe, daɗin labari ne kawai ya ragu. Idan mai karanta tarihi ya karkata, ya ɓata sunan kakan wani. Idan mai karanta littafin noma ya tsallake lamba guda, yana iya ƙona gonar wani. Mai sauraro ba shi da shafin da zai koma ya duba, abin da kunnensa ya ji shi ne littafin. Saboda haka jarin wannan sana'a na farko amana ne, murya tana biye.

Inda abin ya samo asali

Ɗaukar karatu ta kunne ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zaure, almajiri na jan baƙi, malam na fassarawa, na gefe suna ƙaruwa ko da ba su riƙe littafi ba. Da boko ya zo, hanyar ba ta canza ba. Zariya ce cibiyar littafin Hausa na boko: Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, sai Hukumar Talifi a 1933, sai Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sai Kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, mutum ɗaya kan saye ta, a kewaye shi a gindin bishiya ya karanta wa kowa. Wannan mai karatun shi ne kakan masu sana'ar yau.

Daga nan rediyo ta karɓa. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya daɗe yana karanta wa jama'a labarai a shirin Shafa Labari Shuni, kamar yadda Ahmad Isa Koko ya yi suna da karatun littattafai a shirinsa na Rai Dangin Goro. A wasu ƙasashen ma haka abin ya faro, daga buƙatar wanda idonsa ko hannunsa ba zai ba shi damar riƙe littafi ba. A birnin Habana na Kyuba, a 1865 ma'aikatan masana'antar naɗa sigari suka fara haɗa kuɗi daga ladansu su biya wanda zai riƙa karanta musu jaridu da littattafai suna aiki. A Amurka da Ingila kuwa, a shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifai domin makafi. Sai daga baya abin ya zama babbar kasuwa, har kamfanin Amazon ya saye Audible a 2008.

Kayan aiki da wurin aiki

Kayan ba su da yawa: waya mai kyau ko kwamfuta, ƙaramin makirfo, abin sawa a kunne don jin abin da aka naɗa, da manhajar tace sauti irin su Audacity, wadda kyauta ce. Abin da ya fi tsada shi ne shiru. A ƙauye da rana akwai injin niƙa, akwai babura, akwai awaki da yara. Da dare akwai janareton maƙwabci. Da damina kwanon rufi ba ya barin kowa ya yi magana. Shi ya sa masu sana'ar suka fi aiki idan dare ya raba, kafin zakara ya fara cara. Ɗakin ƙasa ya fi na siminti, domin ba ya mayar da amsa-kuwwa. Wanda ɗakinsa na siminti ne sai ya jingina katifa a bango, ya rataya barguna, ya kashe fanka ko da zafi zai gasa shi. Makirfo yana nesa da baki kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkace, don kada iskar baki ta riƙa bugunsa. Da hunturu maƙogwaro na bushewa, sai an ajiye ruwan ɗumi a kusa.

Awa ɗaya ta karatun da mai sauraro zai ji tana cin awoyi da dama na aiki. Akwai bitar littafi da fensir a hannu, akwai naɗa, akwai saurare don cire tari da maimaici da kuskure, sannan a yanka shi kashi-kashi. Dole kuma a rage nauyin fayil, domin mai sauraro da kuɗinsa yake sayen data. Idan aka matse sauti daidai, awa guda ba ta wuce megabayit 30 ba, kuma murya ba ta lalace ba.

Bitar nan ita ce rabin aiki, saboda rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A littafin noma, kalmar da aka rubuta "fari" tana iya zama launi, tana iya zama ƙarancin ruwan sama, tana iya zama ƙwarin da ke cinye amfanin gona. Ido na iya wucewa ya gane daga baya, baki kuwa sai ya zaɓi ɗaya nan take. Rubutun da aka buga a waya ba tare da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba ya ƙara dagula lamarin. Sannan ga karin harshe. Bazazzagi a hirarsa yakan ce "mota ne", ba ya damuwa da bambanta jinsin mace da namiji kamar Bakano. A gaban makirfo kuwa, abin da marubuci ya rubuta shi za a faɗa, ba abin da harshe ya saba ba.

Karatun tarihi

Abin karantawa a wannan fanni ba ya ƙarewa. Akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya a farkon shekarun 1930, wanda ya ƙunshi fassarar tsofaffin rubuce-rubucen Larabci. Akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Abubakar Dokaji, da Mungo Park Mabuɗin Kwara na Nuhu Bamalli, da Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943. Da yawa daga cikin irin waɗannan littattafai sun yi wuyar samu a kasuwa, matasa da dama ba su taɓa riƙe su ba. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, to ta kunnen ne za su isa ga waɗannan matasa.

Wahalar farko sunaye ne. Littafin tarihi cike yake da sunayen Larabci, Fillanci, Barbarci da Turanci, da sarautu irin su Madaki, Galadima, Iya, Wambai da Dallatu. Gwani ba ya ƙirƙirar lafazi da ka. Yakan je wurin malamin zaure don sunan littafin Larabci, wurin Bafillace don sunan zuriya, wurin dattijon fada don jerin sarakuna. Wahala ta biyu shekaru ne. Mai sauraro ba ya ganin lamba, don haka idan an zo kan shekara ana sassauta murya, a fayyace ta Hijira ce ko ta Miladiyya. Hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804 ta faɗo ne cikin 1218 ta Hijira. Wanda ya karanta ɗaya a madadin ɗaya ba tare da bayani ba ya jefa mutane cikin ruɗu na kusan ƙarni shida.

Wahala ta uku, wadda ta fi sauran, ita ce riƙe zuciya. A ƙasar Zazzau tarihi bai mutu ba. Gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, suna nan da zuriyarsu da magoya bayansu. Zuriyar sarakunan Haɓe da suka bar Zariya zamanin jihadi suna Suleja. Idan an zo labarin ficewar Sarki Makau daga Zariya, ko faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa a 1903, murya kaɗai tana iya nuna ɓangaren da mai karatu yake, ko bai ƙara kalma ɗaya ba. 'Yar dariya a hanci, ko jan wasali da izgili, ya isa. Mai karanta tarihi ba maroƙi ba ne, ba ya wasa kowa, ba ya zambo. Idan yana da bayanin da zai ƙara, sai ya tsaya ya ce, "Jama'a, wannan bayanina ne, ba ya cikin littafi," sannan ya koma kan layi.

Karatun koyar da aiki

Daga tarihi zuwa littafin koyar da aiki sai an sauya murya gaba ɗaya. Can ana ba da labari ne, nan kuwa ana tsaye ne a kan mai aiki. Kuma yankin nan yana kusa da mashayar irin wannan ilimi. A Samaru akwai tashar binciken noma tun 1922, wadda ta zama Cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai fitar da irin masara masu suna SAMMAZ. Kusa da ita akwai NAERLS, wadda aikinta shi ne kai sakamakon bincike ga manoma, har da ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo cikin Hausa. Ban da noma, akwai littattafan kiwon kaji, turkar raguna, girke-girke, ɗinki, haɗa sabulu da kula da lafiyar jarirai.

A nan lamba ita ce sarki. Idan littafi ya ce a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, mai karatu zai faɗa a hankali, ya maimaita, ya ɗan yi shiru don mai sauraro ya riƙe. Idan an ce taki NPK 15:15:15, ba a haɗiye lambobin. Jadawali, wanda ido ke ɗauka a kallo ɗaya, sai an warware shi zuwa jimloli, layi bayan layi. Hoto sai an siffanta shi da baki. Misali buhun PICS na ajiyar wake: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje, kowanne a matse iska a ɗaure shi daban. Wanda bai taɓa ganin buhun ba ba zai iya siffanta shi ba, shi ya sa nagartaccen mai karatu yakan je ya ga abin da idonsa kafin ya naɗa.

Akwai kuma iyaka. Littafi na magana da hekta da lita da kilo, manomi na magana da mudu da tiya da buhu. Mai karatu na iya kusanto da ma'auni, amma ba da ƙiyasinsa ba, sai ya tambayi malamin gona. A kan maganin feshi da maganin dabbobi kuwa babu wasa: yadda aka rubuta haka za a faɗa, tare da gargaɗin da ke biye, ko da gargaɗin ya fi bayanin tsawo. Manoman tumatir na Ikara da kewaye ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A irin wannan lokaci kowa na neman magani, jita-jita ta fi gaskiya gudu, kuma bayanin minti goma da aka karanta daidai yana iya zama bambanci tsakanin tsira da asara.

Ina riba take?

A ƙasashen da kasuwar ta kafu, ana biyan mai karatu ne bisa kowace awa ta kammalallen sauti, ko a raba ribar ciniki tsakaninsa da marubuci. A nan hanyoyin sun fi karkacewa. Akwai YouTube, amma ba ya fara biya sai tasha ta tara mabiya da masu kallo da yawa. Akwai rukunonin WhatsApp da Telegram na biyan kuɗi. Akwai marubucin da zai ɗauki mai karatu haya, da gidan rediyo, da ƙungiyoyin da ke son a naɗa musu saƙon noma ko lafiya. Amma da zarar fayil ya fita, ya zama na kowa. Yaro zai je shagon masu turi ya ce, "Malam, a cika min memori," a cika masa da aikin wata guda na wani, mai muryar bai ga ko sisi ba.

Shi ma mai muryar akwai haƙƙi a kansa. Littafi na da mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba marubuci ikon hana a naɗi aikinsa a watsa ba da izininsa ba, ko da yake ta yi sassauci domin makafi da masu lalurar karatu. Wanda ke son daɗewa a sana'ar sai ya nemi marubuci ko kamfanin ɗab'i, a yi yarjejeniya a rubuce. Ga kuma muryoyin na'ura da suka fara karanta Hausa. Suna da araha, ba sa gajiya, amma suna tuntuɓe a kan karin sauti, kuma ba za su je fada su tambayi yadda ake kiran sunan wani Madaki ba.

Saurayi ko budurwar da ke sha'awar shiga wannan aiki, gwajin ba shi da tsada. A ɗauki shafi ɗaya na tarihin Zazzau da shafi ɗaya na bayanin zuba taki, a naɗa. Na farko a kunna wa dattijon da ya san sarakuna, na biyu a kunna wa manomi, a ce ya maimaita abin da ya ji. Idan dattijo bai gyara suna ba, manomi kuma ya faɗi awon daidai, to an sami mai sana'a, saura a biya shi.